Jijiyar Ƙarshe a Hannun Baba Mati

Kwanan baya ina cire safar hannu a bakin ɗakin wankin ƙoda na ji ɗaya daga cikin ɗaliban da aka turo mana koyon aiki tana gaya wa ƙawarta wai in ta gama makaranta nan za ta nemi a ajiye ta. Wai nan ne babu wahala: ka soka allura biyu, ka danna inji, ka zauna cikin sanyi kana latsa waya har a tashi. Ban tanka mata ba, don da na buɗe baki a lokacin abin da zai fito ba zai yi daɗin ji ba. Amma maganar ta tsaya min a rai. Saura kaɗan in ajiye aikin nan, gara in gaya muku ku masu koyon aikin nan duka kafin ɗayanku ya je ya lalata hannun uban wani.

Wanda ƙodarsa ta daina aiki, inji ne ke wanke masa jini, sau biyu ko uku a mako. Injin yana son jini mai yawa kuma da sauri, ƴan jijiyoyin nan da kuke gani a bayan hannu ba za su iya ba shi ba. Shi ya sa likitan tiyata yake buɗe hannu ya ɗinke jijiya biyu wuri ɗaya: mai bugawa, wadda ke kawo jini daga zuciya da ƙarfi, da mai laushi, wadda ke mayar da shi. Mu haɗi muke ce masa. A jikin wannan haɗin muke soka allura duk zuwa. In ya mutu sai a nemi wani wuri a yi sabo, kuma wuraren ba su da yawa a jikin mutum. In sun ƙare sai a sa roba a wuya. Robar wuya kuwa, a garin nan namu na zafi da gumi da wankan bokiti, ba ta daɗewa ƙwayar cuta ke bin ta ta shiga jini.

A Kano na koyi aikin, a hannun wata matiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, ƴar kudancin Kaduna mai suna Rifkatu, mace marar wasa ko kaɗan. Na je ina ji da kaina, don a asibitinmu na Kazaure ni ake kira in jijiyar jariri ta gagara. Ta ƙi barina in taɓa allura. Sai ta kama yatsuna uku ta ɗora a hannun majinyaci ta ce, "Rufe ido. Me kika ji?"

Na ce, "Yana bugawa."

Ta ce, "Na akuya ma yana bugawa. Me kika ji?"

Haka muka yi ta yi har sai da yatsuna suka koyi ji. Haɗi mai lafiya rawa yake yi a ƙarƙashin yatsa, irin rawar waya a aljihu in an kashe mata ƙara. In ka ji ya bar rawa ya koma duka, dum-dum, to hanya ta tsuke a gaba, jini na dukan bango yana neman wucewa. In ka ɗora abin sauraron nan na likita, mai lafiya shuu yake yi a hankali ba yankewa, wanda ya tsuke kuwa fito yake yi. Ranar da ta miƙo min allura ta farko sai da na tsaya na ƙare mata kallo, ni da nake taƙama. Allurar wanki ta kusa basilla kauri, ba irin ta zazzaɓi ba ce.

Akwai wani likitan tiyata a can mai son koyarwa. Wata rana ya cire wani haɗi da ya lalace, ya sa aka yanka shi siriri aka rina, ya kira mu ɗakin gwaji mu leƙa ta madubin ƙara girma. Ni da nake ɗaukar jijiya kamar tiyon ban ruwa, sai na ga ashe bangonta saƙa ne. Zare iri biyu ne a ciki. Akwai mai talewa ya dawo, shi ke sa jijiya ta buɗe in zuciya ta turo jini ta kuma koma yadda take. Akwai mai tauri, shi ke hana ta yagewa. A tsakanin zaren akwai ƴan ƙwayoyin halitta a kwance, su ne masu saƙar. Likitan ya ce ba sa saƙa don ra'ayin kansu, saƙo suke jira. In jini ya fara dukan bango da ƙarfin da bai saba ba, ko allura ta huda shi, fatar cikin jijiya da ƙwayoyin jini masu toshe rauni sai su saki wasu sinadarai, su likitoci sinadaran girma suke ce musu. Su ne ke ce wa masu saƙar su hayayyafa, su matso bakin raunin, su zuba zare.

Wannan saƙon ne ke mayar da jijiya mai laushi ta zama kakkaura mai faɗi cikin wata biyu ko fiye bayan tiyata, har mu ce haɗi ya nuna, za a iya soka shi. Ita ma mai bugawar da ke ba shi jini tana ƙara buɗewa. Matsalar ita ce saƙon bai san ya isa ba. In ka yi ta tsokanar wuri, za a yi ta zuba zare ta ciki har hanya ta tsuke. Abin da ya fi wannan muni, zaren nan mai talewa tun mutum yana yaro jiki ya saƙa shi ya gama. Babba in ya tsinke shi, da mai tauri ake cike gurbin, wato tabo. Tabo kuwa in ya miƙe ba ya dawowa. Ka huda wuri ɗaya yau, ka huda jibi, ka huda wani mako, faci a kan faci, bangon ya yi ta raguwa, jini na tura shi dare da rana, sai ya kumbura.

Shi ya sa muke hawa tsani. Yau ka soka nan, zuwa na gaba ka matsa faɗin yatsa sama, haka har ka ƙure tsawon jijiyar, sannan ka sauko ka faro daga ƙasa, lokacin wurin farko ya warke sarai. Na san wani mai karatu a cikinku zai ce ai akwai dabarar da ake bin rami ɗaya kullum. Akwai. Tana da allurarta daban marar kaifi, tana kuma son hannu ɗaya ya riƙa yin ta, mu ba mu da ko ɗaya daga ciki. Kayan aikinmu allura ce, da igiyar ɗaure hannu, da auduga, da filasta, da abin sauraro. Sauran duk yatsu ne da haƙuri.

Kafin ma majinyaci ya iso gare mu an riga an ci rabin jijiyoyinsa, kuma wannan na daga abin da ke cika min ciki. Mutanenmu da son ƙarin ruwa! Zazzaɓi, ƙarin ruwa. Gajiyar noma, ƙarin ruwa. Mace ta dawo daga biki jikinta ya mutu, a kira mai kemis ya rataya leda a ƙusar bango. Ba wanda ke tambayarsa wa ya koya masa, shi ma bai taɓa tunanin kowace huda tana barin tabo a ciki ba. Sai ran da ƙoda ta tsaya, likita ya shafa hannu yana neman inda zai yi haɗi, ya ji duk sun zama igiya.

Haka Baba Mati ya zo mana. Dattijo ne daga wani ƙauye a bayan Gwiwa, manomi kuma mai awon hatsi ranar kasuwa. Hannunsa na dama ƙarin ruwa ya gama da shi tun kafin a gano ciwon. An yi masa haɗi a wuyan hannun hagu, bai nuna ba. Aka sake yi masa a damtsen hagun, wannan ya kama, ya yi kyau, doguwar jijiya miƙaƙƙiya. Likitan da ya yi ya gaya masa a gaban ɗansa Haruna cewa wannan shi ne na ƙarshe, daga shi sai wuya.

Haruna ke kawo shi Kazaure a babur, tsohon ya kwantar da hannun a cinya an rufe da gefen babbar riga. Da Baba Mati ya hango ni sai ya kira ni da sunan garinmu ya ce, "Ƴar Roni, yau ma kin wasa basillar taki?"

In ce, "Na wasa ta, Baba, tun asuba take jiranka."

Mutum ne da a shekarunsa yake jan buhun gero shi kaɗai, amma in ya ga allura sai ya kau da kai ya kama salati. Sabuwar fata tana da zafi, ban musa ba. Wata rana allura ta faɗa kusa da wani tsohon tabo, ya ji shiru, don tabo ba ya jin ciwo kamar lafiyayyen nama. Shi ke nan ya samu wuri. Duk zuwa sai ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Ki soka nan mana, nan ba zafi. Ke ba kya jin tausayin tsoho?"

In ce, "Baba, in na bi taka hannun ba zai kai baɗi ba. Juya fuska."

Ya yi ta ƙunƙuni wai ƴan Roni taurin kai ne da su, ni kuma in matsa faɗin yatsa in yi aikina. Damina biyu muka yi a haka, hannun nan sumul, in ba ka duba da kyau ba ba za ka ce ana huda shi ba.

Sai shekarar da komai ya haɗu mana. Farkon damina na faɗo daga kan acaɓa a hanyar Roni na karye a cinya. Ina kwance manyan ma'aikatanmu biyu suka samu aiki a ƙasar waje suka tafi. Ɗakin ya rage daga Auwalu sai ƴan mata biyu sababbi. Auwalu ni na koya masa aiki, ya san tsani kamar yadda ya san sunansa. Yaro ne mai ladabi na gaske, irin wanda ba ya gaida babba a tsaye, ba ya kuma haɗa ido da shi. Da ina kwance har daɗi nake ji ina cewa ɗakin yana hannu na gari.

Sai bayan an yi girbi na dawo, ina ɗingishi da sanda. Ranar Baba Mati ta zo, muka gaisa, ya yi min jaje, ya naɗe hannun riga. Ƙullutu biyu a damtsen, kowanne ya kai lemon tsami, fatar kansu ta yi siriri tana ƙyalli, ɗaya da baƙin ɓawo a tsakiya. Na ɗora yatsu, babu rawa, sai duka. Na sa abin sauraro a sama da su, fito kawai nake ji. Shi kuwa murmushi yake yi.

Ya ce, "Kin ga yaran nan? Allah ya yi musu albarka. Hannunsu ba zafi ko kaɗan. Sun fi ki iya allura, ƴar Roni."

Na ja Auwalu ɗakin ajiyar kaya na rufe ƙofa. Na ce, "Wane ne ya yi wannan?"

Ya sunkuyar da kai. "Mu ne, Sista."

"Ban koya maka ba?"

"Kin koya min."

"To me ya faru?"

Ya ce, "Sista, sa'an kakana ne. Ya san kakan nawa ma, tare suka yi fataucin gyaɗa. Ya ɗora yatsa ya ce, ɗana, nan za ka soka, don girman Allah. Ga mutane na ji. Ta yaya zan dubi tsabar idonsa in ce masa a'a? Na ce bari in yi masa sau ɗaya. Da ya dawo ya ce ai ran nan na yi. Su ma yaran da suka ga na yi sai suka bi."

Na wanke shi tas, ban rage masa komai ba. Na ce ladabin da zai kashe tsoho a kai shi kasuwa. Kuma kada ya ɓoye a bayan ladabi kaɗai, don wurin da ya kumbura ko makaho ba zai kuskure shi ba, sauƙi suka samu suka liƙe masa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba jahilci ba ne. Da bai sani ba da na ce laifina ne ko na makaranta. Ya sani sarai, kunya ce ta riƙe masa baki wata da watanni, yana kallon hannun yana tasowa.

Na koma na lalubi wani ɗan guntun wuri mai lafiya can sama kusa da hammata. Baba Mati ya ga inda na nufa, ya ɗora yatsa a kan ƙullutun ya ce, "Nan."

Na ce, "Baba, ba za a sake soka nan ba. Ba ni ba, ba kowa ba."

Ya ce, "Yaran da suka fi ki ladabi nan suke yi."

Na ce, "Shi ya sa ya zama haka. Wannan fatar ita kaɗai ta rage tsakaninka da zubar jini. Gobe-goben nan Haruna zai kai ka Kano likitan da ya yi haɗin ya gani, ko zai iya gyara shi tun bai fashe ba."

Ya murtuke fuska. Sauran majinyata duk suka koma kallon silin. Ya ce shi bai taɓa ganin inda ake yanka abin da ba ya ciwo ba, kuma a shekarunsa ba mace sa'ar ƴarsa ce za ta tsawatar masa a cikin mutane ba. Ya bari na soka inda nake so, don ba shi da yadda zai yi, amma har aka gama wankin bai sake ce min ƴar Roni ba. Maganar Kano kuwa ya ce sai kaka ta lafa, yanzu ne hatsi ke shigowa kasuwa, ba zai bar rumfarsa ba.

Na roƙe shi, na sa likitan ɗakinmu ya yi masa magana, na aika wa limamin ƙauyensu ta bakin Haruna. Ko a jikinsa. Da na ga haka na kira Haruna gefe na ba shi murfin robar ruwa. Na nuna masa yadda zai kifa shi a kan wurin in ya ɓalle, bakin murfin na kallon fata, ya danne da duk ƙarfinsa, ya ɗaga hannun sama, kada ya ɗaga murfin don ya leƙa ko da wa ya ce masa. Na ce ya sa shi a aljihu ko masallaci za shi.

Ranar kasuwar Gwiwa ƙullutun ya ɓalle, da hantsi, yana ɗaga kwanon awo. Waɗanda ke wurin sun ce jinin har kan buhunan maƙwabcinsa. Mutane suka yo ca, wani na neman ƙasa ya zuba, wani na kiran wanzami. Haruna ya ture su ya kifa murfin ya danne. A haka aka ɗora su a babur su uku, direba a gaba, tsohon a tsakiya, Haruna a baya riƙe da hannun a sama har Kazaure. Ya iso fari fat, amma da ransa. Muka ɗaure, aka ƙara masa jini, motar asibiti ta wuce da shi Kano. Likitan ya duba ya ce fatar ta ruɓe, ƙwayar cuta ta shiga, ba abin da zai ɗinka ya riƙe. Ya ɗaure haɗin gaba ɗaya ya sa masa roba a wuya.

Mun yi bakin ƙoƙarinmu a kan robar nan. Ni da kaina nake wanke bakinta in rufe. Ba ta kai shi damina ba, zazzaɓin jini ya ɗauke shi, Allah ya jiƙansa. Amma ranar da ya fara dawowa ɗakinmu da robar, ita nake so ku riƙe.

Ya shigo ya rame, wuyansa naɗe da farin bandeji, hannun hagu a sake. Auwalu na ganinsa ya zame zai fita. Tsohon ya ce, "Ɗana, zo nan."

Auwalu ya dawo ya durƙusa a gefen gadon.

Baba Mati ya ce, "Ranar farko da na ce ka soka min a wurin nan, ka san haka zai zama?"

Auwalu ya ce, "Na sani, Baba. An koya mana."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ba faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙin ji.

Ya ce, "Ni tsoho ne mai tsoron allura, dole in roƙa. Kai ne mai allurar. Da ka ce min a'a, iyakarta in yi maka faɗa in huce."